Tarihin Hausar Jos da Dangantakarta da Daidaitacciyar Hausa

1.0 Gabatarwa

Masana da suka yi nazarin kare-karen harshen Hausa sun saba kasa su gida biyu manya, wato na gabas da na yamma. A rukunin gabas ake sanya Kananci da Zazzaganci da Bausanci da Dauranci da Guddiranci, a na yamma kuma Sakkwatanci da Katsinanci da kare-karen da ke maƙwabtaka da su a Jamhuriyar Nijar. Wannan rabo ya bi sawun tsofaffin masarautun ƙasar Hausa ne, saboda haka bai tanadi gurbi ga Hausar da ta tsiro a garuruwan da aka kafa a zamanin Turawa ba. Birnin Jos na ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa. Fiye da shekara ɗari ke nan ana magana da Hausa a cikinsa, a kasuwa da masallaci da majami'a da tashar mota, amma har yanzu matsayin wannan Hausa bai fito fili ba. Wasu na kallon ta a matsayin gurɓatacciyar Hausa ta 'yan koyo, wasu kuma na ganin ta isa a kira ta karin harshe mai zaman kansa.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda Hausa ta shiga Jos da kewayenta, da yadda aka gina Daidaitacciyar Hausa a daidai wannan zamani, sannan ta nuna wuraren da su biyun suka sha bamban. Daga bisani za a kwatanta al'amarin da na harshen Gwandara, da kuma na harshen Osing na ƙasar Indunusiya, domin a ga darasin da ke ciki ga mai nazarin harsunan Nijeriya. A cikin misalai za a yi amfani da DH a madadin Daidaitacciyar Hausa, HJ kuma a madadin Hausar Jos.

2.0 Filato Kafin Zuwan Turawa

Tsaunukan Filato na daga cikin yankunan da suka fi yawan harsuna a Afirka. A kewayen inda Jos take a yau akwai al'ummomin Berom da Afizere da Anaguta da Irigwe, can kudu da gabas kuma akwai Ngas da Mwaghavul da Ron da Goemai da Tarok da sauransu. Ba dangi ɗaya waɗannan harsuna suke ba. Ngas da Mwaghavul da Goemai da Ron 'yan dangin Cadi ne, wato suna da asali ɗaya da Hausa ko da yake babu fahimtar juna tsakaninsu. Berom da Izere da Irigwe da Tarok kuwa suna cikin dangin Binuwai-Kwango, haka ma Iguta, harshen Anaguta.

A ƙarni na goma sha tara masarautar Bauci, wadda Yakubu ya kafa bayan jihadi, ta faɗaɗa ikonta har gindin waɗannan tsaunuka, amma ba ta mallake mutanen da ke can bisa ba. Wasu al'ummomin gefen dutse sun ƙulla amana da Bauci suna ba da abin da aka yi yarjejeniya a kai, wasu kuwa sun ci gaba da zaman kansu har Turawa suka zo. Duk da haka ba a rasa hulɗa ba. Fatake na ratsa gefen yankin, kuma Hausawa masu narka dalma a Liruwen Kano da Liruwen Dalma sun daɗe da sanin kuzar da ke cikin rafukan wannan ƙasa. Alamar wannan tsohuwar hulɗa ta rage a cikin sunayen da aka san wasu al'ummomi da su a takardun Turawa, irin su Angas da Sura da Ankwai da Yargam da Jarawa. Ta bakin tafintoci masu jin Hausa Turawa suka ɗauki akasarin waɗannan sunaye, kuma sai daga baya masu su suka dawo da nasu na asali, wato Ngas da Mwaghavul da Goemai da Tarok da Afizere. Abin lura a nan shi ne, kafin 1900 Hausa harshen baƙo ce a kan tsaunin, wadda 'yan ƙalilan ke ji don ciniki.

3.0 Kuza, Bariki da Jirgin Ƙasa

Haƙar kuza ce ta sauya wannan yanayi. Tsakanin 1902 da 1904 Kamfanin Neja ya aika da masu binciken ma'adinai zuwa yankin, daga cikinsu akwai H. W. Laws, wanda ya yada zango a Tilden Fulani kafin aikin ya matsa zuwa Naraguta. Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka yi yawa, buƙatar leburori ta ƙaru. Da farko mazauna tsaunin ba su nuna sha'awar aikin lada ba, don haka daga lardunan Kano da Zazzau da Bauci da Barno aka samo mafi yawan ma'aikata. A barikokin kuza Bahaushe da Babarbare da Bafulatani da Banufe suka haɗu, kuma Hausa ce kaɗai harshen da zai haɗa su da juna da kuma shugaban leburori. Sunayen ƙauyukan da suka tsiro daga waɗannan barikoki shaida ne, alal misali Barikin Ladi da Sabon Gidan Kanar da Mai Idon Toro da Ɗorawa.

Jirgin ƙasa ya ƙara wa al'amarin ƙarfi. Ƙaramar hanyar dogo da aka shimfiɗo daga Zariya ta isa Jos da Bukuru a 1914, ta yi aiki har 1957 da aka rufe ta. A 1927 kuma babbar hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Kafancan ta iso Jos, ta kawo Ibo da sauran mutanen kudu, waɗanda su ma dole suka koyi Hausa don zaman kasuwa. Ta fuskar mulki, yankin yana ƙarƙashin Lardin Bauci ne har 1926 da aka kafa Lardin Filato. Ya kamata a riƙe waɗannan abubuwa biyu, wato hanyar dogo daga Zariya da mulki daga Bauci, domin za su yi amfani idan aka zo bayanin siffofin HJ.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya wadda Ingila ta dogara da ita wajen samun kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaƙaba aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. An ɗebo dubban mutane daga lardunan Arewa daban-daban aka zube su a ramukan kuza, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Wannan ma ya ƙara cakuɗa masu kare-kare iri-iri da waɗanda ba su da Hausar ko kaɗan. A wannan tsakanin matsin haraji da ƙarancin gonaki sun riga sun tura Berom da maƙwabtansu cikin aikin kuza, suka shiga barikin da Hausa ta riga ta kafu a cikinsa. Bill Freund (1981) ya yi cikakken bayanin tarihin waɗannan ma'aikata, Leonard Plotnicov (1967) kuma ya bayyana rayuwar baƙin da suka cika birnin Jos a farkon shekarun 1960.

4.0 Mishan da Hausar Majami'a

Hanya ta biyu da Hausa ta bi ta shiga gidajen mutanen Filato ita ce ta 'yan mishan. Ƙungiyar SUM ƙarƙashin Karl Kumm ta sauka a Wase a 1904, CMS ta buɗe tasha a Panyam a 1907, SIM kuma ta mai da Jos cibiyar ayyukanta a shekarun 1920. Waɗannan ƙungiyoyi sun tarar da harsuna da yawa ƙwarai, kowanne da masu magana da shi kaɗan. Sun fassara wasu sassan bishara zuwa Ngas da Berom da Mwaghavul da wasunsu, amma ba su da ma'aikatan da za su yi wa kowane harshe haka. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, ta sa Hausa ta zama harshen karatu da waƙa da wa'azi a majami'un yankin. Makarantar Gindiri da aka buɗe a 1934 da Hausa ta horar da masu bishara da malamai, su kuma suka koma ƙauyukansu suna koyarwa da ita. Ko sunayen ƙungiyoyin da Hausa aka raɗa su, kamar Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan da aka kafa a 1955, wadda daga baya aka mayar da ƙarshen sunanta "a Nijeriya".

Daga nan ne wasu kalmomi suka sami ma'ana ta musamman. A bakin Bakano "sujada" ɗora goshi ne a ƙasa cikin salla, a majami'a kuwa taron ibadar Lahadi ne gaba ɗaya. "Baiko" a Kano matakin neman aure ne, a majami'a kuwa kuɗin da ake bayarwa lokacin ibada ne. Haka "zumunta" ta zama sunan ƙungiya, kamar zumuntar mata, "almajiri" kuma ya zama mabiyin Almasihu. Muhimmin abu dangane da wannan Hausa shi ne rubutacciya ce tun farko, kuma rubutun nata yana bin ƙa'idojin nahawun Kano da Zariya. Mai karanta nassi a gaban jama'a zai karanta "ta" da "ce" yadda aka rubuta, amma da ya rufe littafi ya shiga wa'azi sai ya koma Hausarsa ta yau da kullum.

A ɗaya ɓangaren, zuriyar Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa da suka zauna a unguwannin Gangare da Dilimi da Ali Kazaure da makamantansu sun riƙe Hausa a matsayin harshen uwa, da makarantun allo da na ilimi. A cikinsu aka sami Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru ya rasu a 2015, wanda waƙoƙinsa na kuntigi suka karɓu a duk inda ake jin Hausa. A Jos ɗin kuma aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, kuma da Hausa wa'azinta ya bazu a kaset-kaset. Don haka idan aka ce "Hausar Jos", aƙalla abu uku ake nufi: Hausar waɗanda suka gaje ta iyaye da kakanni, da Hausar majami'a, da Hausar hulɗa ta kasuwa da titi, wadda a yanzu akwai 'ya'yan wasu ƙabilu da suka tashi da ita a matsayin harshensu na farko.

5.0 Ginin Daidaitacciyar Hausa

A daidai shekarun da Hausa ke yaɗuwa a kan tsaunin, can a Kano da Zariya ana aikin daidaita ta. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗanhausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta zama Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin R. M. East a Zariya. Ƙamusun G. P. Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, ƙamusun R. C. Abraham kuma ya biyo baya a 1949. A 1955 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Hukumar Harshen Hausa don kula da ƙa'idojin rubutu da sababbin kalmomi. Bayan mulkin kai aka yi taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 kan daidaita rubutu, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano kuma ta gaji aikin hukumar.

Dukkan waɗannan matakai sun ɗauki Kananci a matsayin ginshiƙi, ko da yake DH ba Kananci zalla ba ce. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne, DH ta riƙe bambancin jinsin namiji da tamace a cikin kowane suna tilo, ta riƙe baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y, ta kuma bambanta lokutan da ke zuwa cikin jumla sassauƙa da waɗanda ke zuwa bayan tambaya ko dogarau. Masu tsara DH ba su waiwayi Hausar bariki ba sai don su yi gargaɗi a kanta. Kalmar "Barikanci" kanta, wadda ake nufin Hausar sojoji da leburori da ita, tana ɗauke da raini.

6.0 Wuraren da HJ ta Saɓa wa DH

6.1 Jinsi

Siffar da ta fi fitowa fili ita ce raunin jinsin tamace a sunayen abubuwa marasa rai. Mahaɗin -r da madangancin -r kan koma -n, "ce" ta koma "ne", "tawa" ta koma "nawa":

(1) a. DH: motar Audu ta lalace. HJ: motan Audu ya lalace.
b. DH: wannan riga tawa ce. HJ: wannan riga nawa ne.
c. DH: yarinyar ta zo. HJ: yarinyan ta zo.

Misali na (1c) ya nuna cewa idan mace ake nufi, wakilin suna "ta" yakan tsira ko da madanganci ya sauya. Sunayen unguwannin Jos sun adana wannan siffa a rubuce: Farin Gada maimakon Farar Gada, Anguwan Rogo maimakon Unguwar Rogo, Kasuwan Nama maimakon Kasuwar Nama, Mararaban Jama'a maimakon Mararrabar Jama'a. Waɗannan sunaye kowa ke faɗar su haka, har wanda Hausa ce harshen kakanninsa.

6.2 Tsarin Sauti

A bakin waɗanda suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, da 'ya'yansu da yawa, ƙ kan koma k, ts kuma ta koma s:

(2) ƙafa/kafa, ƙasa/kasa, tsaya/saya, tsoro/soro

Al'amarin ɓ da ɗ ya danganta da harshen asali na mai magana. Ngas da Mwaghavul suna da waɗannan sautuka, don haka masu su ba su cika sakin su ba. Haka kuma bambancin dogon wasali da gajere a ƙarshen kalma, da bambancin ra-gare da ra-kaɗe, sukan raunana.

6.3 Ginin Jumla

A DH karɓau kaikaitau yana zuwa ne daf da aikatau, kafin karɓau na kai tsaye. A HJ yakan koma baya, kuma "ma" ta fi "wa" yawa:

(3) DH: na saya wa Ladi zane. HJ: na sayi zane ma Ladi.

Har ila yau, akan ji lokutan jumla sassauƙa a muhallin da DH ke buƙatar na dogarau:

(4) a. DH: yaron da yake kuka. HJ: yaron da yana kuka.
b. DH: mutanen da suka zo. HJ: mutanen da sun zo.

6.4 Asalin Waɗannan Siffofi

Kuskure ne a jingina dukkan waɗannan ga gazawar 'yan koyo. Raunin jinsi sananniyar siffa ce ta Zazzaganci da Bausanci, kamar yadda littattafan nahawu irin na Newman (2000) suka nuna, jinkirta karɓau kaikaitau kuma an daɗe da sanin sa a Bausanci. Waɗannan kare-kare biyu su ne suka yi wa Filato ƙawanya ta arewa maso yamma da arewa maso gabas, kuma ta hanyar dogon Zariya da mulkin Bauci masu su suka fi kowa saurin isa barikin kuza. Wato Hausar da mutumin Filato ya fara ji ta riga ta saki wani ɓangare na jinsi tun kafin ta iso gare shi. Da ta tarar da harsunan Binuwai-Kwango, waɗanda ba su raba suna zuwa namiji da tamace, sai siffar ta sami wurin zama. Sakin ƙ da ts da haɗe lokuta kuwa sun fi kama da abin da ke faruwa duk inda Hausa ta zama harshen hulɗa, domin ana samun irinsu a Hausar zango-zangon Gana. Saboda haka HJ tushe biyu gare ta: gadon kare-karen kudu maso gabashin ƙasar Hausa, da kuma sauƙaƙawar da cuɗanya ke haifarwa.

7.0 Gwandara: Tsohon Misali a Maƙwabta

Ba wannan ne karo na farko da Hausa ta ratsa kudu ta sauya kama ba. Harshen Gwandara, wanda ake magana da shi a Jihar Nasarawa (wadda aka cire daga Filato a 1996) da Abuja da kudancin Kaduna, shi ne mafi kusancin dangi ga Hausa. Tarihin baka ya ce kakannin Gwandara daga Kano suka fito don ƙin barin al'adunsu bayan shigowar Musulunci, har ake danganta sunan da furucin "gwanda rawa da salla". Shuji Matsushita ya tattara kalmomin harshen da kare-karensa a 1972 da 1974. Kalmomin Gwandara da yawa Bahaushe zai gane asalinsu, amma harshen ya saki jinsi, tsarin sautinsa da na aikatau kuma sun sauya ƙwarai sakamakon zama cikin Gbagyi da maƙwabtansu, har Newman ya ɗauke shi a matsayin reshen Hausa da cuɗanya ta rikiɗar. A yau babu mai gardamar cewa Gwandara harshe ne daban.

Bambancin da ke tsakaninsa da HJ shi ne yankewa. Gwandara sun rabu da ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru ba tare da makaranta ko littafi ko rediyo da zai riƙa jawo su zuwa tushe ba. Mai magana da HJ kuwa kullum yana jin DH a sashen Hausa na gidajen rediyo, yana karanta ta a nassi ko a littafin makaranta, yana ganin finafinan Kano, yana ciniki da baƙi daga Katsina da Sakkwato. Wannan igiya ce ta hana HJ nisa da DH har fahimtar juna ta yanke.

8.0 Darasi Daga Harshen Osing

A ƙurewar gabashin tsibirin Jawa na Indunusiya, a gundumar Banyuwangi, akwai al'ummar Osing, waɗanda ake ɗauka zuriyar mutanen Blambangan ne, daular Hindu ta ƙarshe a tsibirin. Kamfanin Turawan Holan ya murƙushe daular a yaƙe-yaƙen da suka kai ƙarshe a 1771 zuwa 1772, ƙasar ta yi kusan zama kufai, daga baya baƙi daga tsakiyar Jawa da tsibirin Madura suka cika ta. Daidaitaccen Jawanci an gina shi ne a kan maganar fadojin Surakarta da Yogyakarta, mai matakan ladabi da ake kira ngoko da krama. Maganar Osing ba ta bin waɗannan matakai yadda fada ke bin su, ta riƙe wasu tsofaffin kalmomi, kuma wasulan i da u na ƙarshen kalma sukan zama tagwan wasali ai da au. Sunan kansa daga kalmarsu ta korewa ya fito, wato "sing" ko "osing", inda mutumin tsakiyar Jawa zai ce "ora".

Shekaru da dama ana lissafa Osing a matsayin karin Jawanci mara ladabi. A 1987 Suparman Herusantosa ya gabatar da kundin digiri da ya kafa hujjar cewa harshe ne mai zaman kansa. Hasan Ali, ɗan yankin, ya tsara ƙa'idojin rubutu ya kuma fitar da ƙamus a 2002, aka shigar da Osing cikin darussan makarantun firamare na gundumar tun daga ƙarshen shekarun 1990. Duk da haka taswirar harsuna ta hukumar harshe ta ƙasar ta lissafa shi cikin kare-karen Jawanci. Bernard Arps, wanda ya bi tarihin wannan yunƙuri, ya nuna cewa aikin marubuta da mawaƙa da gidajen rediyo da jami'an gunduma ne ya tabbatar da Osing a matsayin harshe a idon jama'a.

Kamannin da ke tsakanin wannan da al'amarin Jos a fili suke: gari a bakin iyakar harshe, cakuɗar baƙi sakamakon mulkin mallaka, da ma'aunin daidaito da aka ɗauko daga wata tsohuwar fada mai nisa. Amma akwai babban bambanci. A Banyuwangi akwai al'umma guda da ta rungumi maganarta a matsayin tutar asalinta, ta nema mata suna da ƙamus. A Jos babu wanda ya yi wa HJ haka. Zuriyar Hausawa, waɗanda suka kafa ƙungiyar ci gaban Jasawa a 1987, suna ganin kansu cikin babbar al'ummar Hausa, don haka DH ce abin koyinsu. Berom da Afizere da Anaguta kuwa harsunan kakanninsu ne tutarsu, ko da a gida Hausa ta rinjaya. Tun zamanin gwagwarmayar tsirarun ƙabilun Arewa a shekarun 1950 ake kallon Hausa a yankin da fuska biyu, harshen da ya haɗa kowa kuma harshen da ake tsoron ya haɗiye kowa. Naɗin Rwang Pam a matsayin sarkin Berom a 1947, da ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, da rikice-rikicen 1994 da 2001 da 2008 da 2010, duk sun ƙara tsananta tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. A irin wannan yanayi ko sunan da za a ba karin yana da nauyi, domin da za a ƙirƙiro masa suna daga kalmar "Jasawa", da an miƙa shi ga ɓangare ɗaya alhali kowa na da hannu wajen gina shi.

9.0 Abin da Rashin Nazari Ke Jawowa

Rashin bayyana matsayin HJ yana da illa ta fuska uku. Ta farko ita ce koyarwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyar da yaro da harshen uwa ko na al'ummar da ke kewaye da shi a farkon firamare, ta kuma sanya Hausa cikin manyan harsuna uku da za a koya. Yaron da ya tashi yana cewa "motan ya lalace" idan ya zauna jarrabawar Hausa da ma'aunin DH za a auna shi. Malamin da ya san cewa wannan tsari ne mai ƙa'ida zai koya masa jinsi a matsayin sabon darasi, da jerin sunaye da atisaye. Wanda bai sani ba kuwa jan biro kawai zai yi ta yi, yaron ya fita da tunanin cewa harshen da ya fi iyawa ma bai iya shi ba.

Ta biyu ita ce makomar ƙananan harsuna. Binciken Roger Blench ya nuna cewa harshen Yangkam na yankin Bashar a Jihar Filato ya rage a bakin tsofaffi kawai, jama'arsa sun koma Hausa, haka ma Sheni da Ziriya a arewa maso yammacin tsaunin. Hausar da ke maye gurbin waɗannan harsuna irin ta Jos ce, ba ta littafi ba. Ba za a fahimci yadda harshe ke mutuwa a wannan yanki ba sai an fahimci wanda ke gadonsa.

Ta uku ta shafi tarihin Hausa kanta. Masu magana da Hausa a matsayin harshe na biyu miliyoyi ne, kuma abin da ya faru a Jos yana faruwa a Kaduna da Yola da Lafiya da Jalingo. Jos ta fi su sauƙin nazari domin an san shekarun da abin ya fara, an san hanyoyin da mutane suka biyo, akwai kuma rubuce-rubucen mishan da na kamfanonin kuza da za a iya komawa gare su. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, tana zaune ne a tsakiyar wannan fage.

10.0 Kammalawa

An ga cewa Hausa ta hau tsaunin Filato ne ta hanyar barikin kuza da hanyar dogo da majami'a, a daidai lokacin da ake daidaita ta a Kano da Zariya bisa wani ma'auni daban. An kuma ga cewa siffofin HJ suna da tsari, wasu gado ne daga Zazzaganci da Bausanci, wasu kuma sakamakon cuɗanya da harsunan yankin. Idan aka auna da fahimtar juna, HJ ba ta kai matsayin Gwandara ba, Hausa ce. Idan kuma aka auna da samuwar masu magana da ita tun daga haihuwa da daidaituwar siffofinta, ta cancanci a lissafa ta cikin kare-karen Hausa maimakon a bar ta a rukunin kurakurai. Misalin Osing ya nuna cewa al'umma ce ke ɗaga magana zuwa matsayin harshe idan ta ga buƙata, kuma tarihin Jos bai haifar da wannan buƙata ba. Aikin da ya rage wa masana shi ne ɗaukar maganar mutane a unguwanni daban-daban na birnin, tsofaffi da matasa, Musulmi da Kirista, a kwatanta ta da Hausar Zariya da ta Bauci, a kuma ware abin da kowane rukuni ya keɓanta da shi. Da irin wannan bayani ne za a iya gyara taswirar kare-karen Hausa, a kuma rubuta littafin koyarwa da zai dace da yaran Filato.